Wuƙa mai siririn ruwa: me ya sa ake ɗokinta?

Da zarar an ji labarin wani kamfani zai fito da wuƙa mai siririn ruwa, wadda za ta yi aikin kicin kuma a tafi da ita daji, sai masu sha'awar wuƙaƙe su ƙagu. Ɗokin nasu yana da dalili.

Ba kaifi ne komai ba? Ina ruwanmu da siranta?

Kaifi buɗe hanya kawai yake yi, amma duk jikin wuƙar sai ya bi ta wannan hanyar. Ɗauki ɗanyen karas ka gwada. Wuƙa mai kauri, ko ta kai aska kaifi, kafin ta kai ƙasa za ka ji ƙas, ta tsage shi gida biyu. Siririya kuwa ratsawa take yi sumul, yankan ya fito a miƙe, hannu bai sha wahala ba. Tsaya wurin mai kilishi ka ga yadda yake shimfiɗa tsoka yana bin ta da wuƙa har ta koma falle-falle. Wannan aiki ba ya yiwuwa da wuƙa mai ƙaton baya.

Wane kauri ake kira siriri?

Wajen milimita 2 a bayan wuƙar. Wuƙar Morakniv Companion ta ƙasar Suwidin tana tsakanin milimita 2 da 2.5, mai ƙarfin cikinsu kuma 3.2. Manyan wuƙaƙen daji sukan kai milimita 5 ko fiye. Sai dai kaurin da ke daf da bakin ya fi na baya tasiri, kuma shi ne ba a cika rubutawa a talla ba.

Sabon salo ne?

A'a. Tun 1890 Joseph Opinel ya fara ƙera wuƙarsa mai naɗewa a yankin Savoie na Faransa, manoma suna yankan burodi da cuku da ita a gona. A 1955 aka ƙara mata zoben da ke kulle ruwan. 

Ba za ta karye a daji ba?

Ya danganta da aikin da aka sa ta. Fiɗa, gyaran kifi, yankan igiya, feƙe tsinken gashi, duk nata ne, har ta fi mai kauri. Amma sara ƙashi, faskare, ɓalle murfin gwangwani, waɗannan aikin adda da gatari ne. Wanda ya tilasta mata sai bakinta ya yi giɓi ko tsininta ya ɓalle. Ina jin takaicin ganin an lalata wuƙa mai kyau a kan ƙashin rago alhali ga adda a jingine.

Wane ƙarfe ya fi?

Iri biyu ne. Wanda ba ya saurin tsatsa yana ɗauke da sinadarin kiromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Ɗayan, mai sinadarin kabon wanda ba shi da kiromiyam sosai, ya fi saurin ɗaukar kaifi, amma albasa da lemun tsami suna sauya masa launi, kuma idan aka mayar da shi kube da danshi, musamman da damina, tsatsa ce za ta biyo baya. Ga wanda zai yanka tumatir da safe ya gyara kifi da yamma, na farkon ya fi kwanciyar hankali.

Yaya ake wasa ta?

A dutsen wasa wuƙa mai laushi, a karkata ta digiri 15 zuwa 20 kowane gefe. A guji injin gurza, domin zafinsa yana kashe taurin siririn baki. A yi yanka a kan katako, ba a kan faranti ko siminti ba.

In yi oda tun kafin ta fito?

Ni dai shawarata a dakata har ta shiga hannun mutane. A nemi sanin kaurin bayanta, irin ƙarfenta, da ko ƙotarta tana santsi idan hannu ya jiƙe da maiƙo. Idan mai naɗewa ce, a duba ko tana wankuwa da sauƙi, domin jini da kitse suna maƙalewa a mahaɗarta.