Bajon Soja a Jikin Rigar Farar Hula: Abin da Doka Ta Ce a Legas

Duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa kasuwar Katangowa da ke Abule Egba, ya tsaya a kan masu yanka dilar gwanjo, ya san irin rigar da samari suke rububinta: jaket mai kauri, ruwan ganye ko ruwan ƙasa, mai manyan aljihuna, an ɗinka mata ɗan ƙyalle a kafaɗa mai hoton mikiya ko takubba biyu a gicciye, wani lokaci har da sunan baturen da ya fara sa ta a saman aljihun ƙirji. Ɗan acaɓa yana son ta saboda iskar asuba da yayyafin damina, maigadi yana son ta saboda sanyin dare da sauro, kuma yawancin masu saye ba su taɓa tsayawa sun karanta abin da ke jikin bajon ba. Sai ranar da aka tare wani a kusa da barikin Ikeja ko na Ojo aka ce ya tuɓe, sannan gardama take ɓarkewa a majalisun Agege da Idi-Araba, wani ya ce babu wata doka, fin ƙarfi ne kawai, wani kuma ya rantse cewa soja yana da ikon hukunta duk wanda ya gani da kayansa. Dukansu biyun ba su faɗi daidai ba.

Dokar tana nan a rubuce, kuma ta girmi 'yancin kan Nijeriya. Kundin laifuffuka na Kiriminal Kod, wanda Turawan mulkin mallaka suka shimfiɗa wa ƙasar baki ɗaya a 1916, kuma jihohin Kudu suka ci gaba da aiki da shi, ya ce a sashe na 110 duk mutumin da ba ya aikin soja, idan ya sa kakin soja, ko wani yanki na kakin, ko tufar da ta yi kama da shi, ko tufar da ke ɗauke da alamar wata runduna, to ya aikata laifi. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce ta shafi bajo kai tsaye. Ba sai mutum ya yi shigar soja daga hula zuwa takalmi ba. Farar riga ce ko jamfa, matuƙar an liƙa mata tambarin rundunar sojan ƙasa, wato mikiyar nan da ke kan tauraro mai rubutun Larabci na "Nasrun minallah", ko alamar sojan ruwa ko na sama, ko igiya da anini masu nuna muƙami, ta shiga cikin abin da sashen ya hana. Kashi na biyu na sashen ya faɗaɗa hanin zuwa duk wani bajo ko alama da za ta sa jama'a su ɗauka mutum yana riƙe da wani muƙami ko iko na gwamnati alhali ba ya riƙe da shi.

A nan ne wanda ya taso a Arewa yakan ruɗe, kuma yana da hujja. Kundin Final Kod da ake aiki da shi a jihohin Arewa tun 1960 ya ɗaura irin wannan laifi da niyya: sashe na 133 yana magana ne a kan wanda ya sa tufa ko ya ɗauki alamar ma'aikacin gwamnati domin a zaci shi ma ma'aikaci ne. Sashe na 110 na Kiriminal Kod kuwa bai tambayi abin da ke zuciyar mutum ba, sanyawar kanta ita ce laifin. Saboda haka cewa "wallahi a gwanjo na saya, ban san ma'anarta ba" tana iya sa alƙali ya sassauta, amma ba ita ce kariyar da sashen ya ambata ba. Kariyar da ya ambata ita ce izinin Shugaban Ƙasa ko na gwamnan jiha, kuma wanda ake tuhuma ne zai kawo shaidar cewa yana da shi. Sai kuma togaciyar da aka yi wa masu wasan kwaikwayo da sauran wasannin nishaɗi na gaskiya da ake yi a bainar jama'a. Inda niyya take shigowa shi ne sashe na 109, wanda ya tanadi ɗaurin shekara ɗaya ga wanda ya sa kakin soja ko na ɗan sanda, ko mai kama da shi, domin a ɗauke shi ma'aikaci. Wannan shi ne sojan gona na ainihi.

Hukuncin sashe na 110 yakan ba mutane dariya idan sun ji shi, domin ɗaurin wata ɗaya ne ko tarar naira goma. Asalinta fam biyar ce, aka mayar da ita naira bayan canjin kuɗi na 1973, aka bar ta haka har yau da naira goma ba ta sayen ledar ruwa. Sai dai mazaunin Legas kada ya saki jiki da wannan adadi, domin jihar ta yi nata kundin laifuffuka a 2011, kuma da shi 'yan sanda suke gurfanar da mutane a kotunan majistare. Sashe na 77 da na 79 na wannan kundi su ne suka ɗauko laifin sojan gona da na sa kaki ba bisa ƙa'ida ba, kuma hukuncin da ke cikinsu ɗaurin shekaru ne.

Mai sayarwa ma bai tsira ba. Sashe na 111 ya ɗora hukunci iri ɗaya a kan wanda ya sayar ko ya bayar da kaki ko bajo ga wanda ba shi da izinin sa shi, abin da ya kamata tela da ɗan gwanjo su sani kafin su ce su dai sana'a suke yi. Akwai kuma sashe na 251, mai ɗaurin wata uku ko tarar naira arba'in, ga wanda ya sa kakin ta hanyar da za ta jawo masa raini, ko ya ɗauki wani aiki ya sa masa shi ta wannan hanya. Shigo da kayan soja daga waje kuwa yana buƙatar takardar izini daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, shi ya sa jami'an kwastan suke kama irin waɗannan kaya a tashoshin ruwa na Apapa da Tin Can.

To ina batun bajon sojan wata ƙasa, wanda shi ne ya fi yawa a gwanjo? Lafazin sashe na 110 a kan sojojin Nijeriya yake, don haka a fahimtata bajon wata rundunar Amurka a kan baƙar jaket bai shiga cikinsa kai tsaye ba. Amma kalmar "kama da" ƙofa ce mai faɗi, kuma idan rigar kanta mai roɗi-roɗi ce irin ta shiga daji, gardamar cewa bajon na Amurka ne ba za ta kai mutum ko'ina ba a shingen bincike. Abin da ke ƙara ruɗa matasa shi ne hotunan da suke gani a intanet, inda kowa yake yawo da irin waɗannan riguna a Amurka. Tsarin dokarsu daban ne: a 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar 2005 da ta haramta ƙaryar samun lambar yabo ta soja, bisa hujjar 'yancin faɗin albarkacin baki, sai majalisa ta yi sabuwa a 2013 wadda ta taƙaita laifin ga mai yin ƙaryar domin samun kuɗi ko wata moriya. Tamu dokar ta fi kama da ta Ingila ta 1894, har da togaciyar masu wasan kwaikwayo.

Kasancewar abu laifi bai ba kowa damar yanke hukunci a bakin titi ba. Soja yana iya kama wanda ya gani yana aikata laifin ya miƙa shi ga 'yan sanda, daga nan sai kotu, domin kotun soja ba ta da hurumi a kan farar hular da ke harkarsa a gari. Tsallen kwaɗo, da birgima a kwata, da tuɓe mutum a gaban jama'a, da bulala, babu ko ɗaya a cikin sassan nan, kuma sashe na 34 na tsarin mulkin 1999 da dokar hana azabtarwa ta 2017 sun haramta su. Rundunar sojan da kanta ta nuna haka a watan Fabrairun 2017, lokacin da bidiyo ya bazu na wasu sojoji biyu suna dukan wani mai lalurar ƙafa a Onitsha saboda ya sa kaki: an rage musu muƙami daga kofur zuwa farabiti, an kuma ɗaure su kwana 21.

Duk da haka, ba na cikin masu ganin hanin a matsayin girman kan soja kawai. Bajo shaida ce ta inda mutum ya yi aiki da abin da ya sha, kuma wanda ya bar abokansa a Laberiya ko Saliyo ko dajin Sambisa yana da dalilin jin zafi idan ya ga alamar rundunarsa ta zama ado. Bayan wannan akwai amfanin da wasu suke ci da ita da gangan. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, hular soja ko riga mai bajo ta zama dabarar wucewa ga wasu, kamar yadda wasu direbobi suke ajiye hular a gaban gilashin mota. Kowane irin wannan yana ƙara wa mai saye don sanyi zargin da bai ji ba bai gani ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ɗan tsohon soja da ya gaji rigar mahaifinsa, yana son ya sa ta don tunawa. Doka ba ta yi masa togaciya ba, ajiye ta a gida ne kawai ba ya cikin abin da sashe na 110 ya ambata.

Akwai alama ɗaya da farar hula yake maƙalawa a ƙirji hankali kwance, ita ce ta ranar tunawa da mazan jiya da ake yi kowace 15 ga Janairu, wadda Shugaban Ƙasa da gwamnoni suke ƙaddamarwa ana sayarwa don tallafa wa tsofaffin sojoji da iyalan waɗanda suka rasu. Jaket ɗin gwanjo kuwa, idan launinta ɗaya ne ba mai roɗi-roɗi ba, zare kaɗan ne yake riƙe da bajonta, kuma telan da ke bakin kasuwa zai farke shi da reza kafin mai ita ya gama cinikin wando.