Soyayya a Filin Besbol: Me Ke Raba Masoyan Waɗannan Littattafai?

Wane irin littafi ne wannan?

Reshe ne na littattafan soyayyar Amurka, inda saurayin ke cin abinci da wasan besbol, wasan da ɗaya ke jefo ƙwallo, ɗaya ya maka mata gora ya ruga da gudu. Duk wanda ya saba da littattafan soyayyar Kano zai gane zubin: an haɗu, an shaƙu, an ɓata, an shirya. Sai dai a can ba auren dole ke shiga tsakani ba. Wasan da kansa shi ne kishiyar.

Ta yaya wasa zai raba masoya?

Jadawalin kaɗai ya isa. Babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, tana da kulob 30, kowanne yana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, rabinsu a garin abokan hamayya. Kafin nan, tun Fabrairu an tattara an tafi atisaye a Florida ko Arizona. Yawancin wasannin kuma da dare ake yi: yana shigowa gida ta daɗe da barci, tana fita aiki yana minshari. Marubuciya ba ta bukatar ƙago mugu. Ta nuna budurwar a wajen bikin ƙanwarta, kujerar gefenta babu kowa, dangi na ta tambayar ina yake, shi kuwa yana cikin jirgin Seattle.

Ga kuma musayar 'yan wasa, wadda a ganina ita ce makamin da ya fi kaifi. Kulob na iya miƙa ɗan wasa ga wani kulob ba tare da an ji ta bakinsa ba, musamman daf da rufe kasuwa a ƙarshen Yuli. Yau yana Chicago, gobe yana sanye da rigar San Diego. Mai ikon cewa a'a sai wanda kwantiraginsa ya hana, ko wanda ya shekara 10 a babbar gasa, 5 na ƙarshe a kulob guda. Daga nan rigimar ke tashi: ta ajiye aikinta ta bi shi, ko ta zauna ya tafi?

Ba attajirai ba ne? Kuɗi bai kashe wutar ba?

Taurarin ne attajirai. A ƙarƙashinsu akwai ƙananan rukunai huɗu, inda matasa ke kwana a motar bas daga ƙaramin gari zuwa wani. Sai a 2022 aka wajabta wa kulob-kulob ba su masauki. Labarin da aka kafa a nan ya fi daɗi, domin ita tana jiran mutumin da shi ma yake jiran kira zuwa babbar gasa, kiran da ƙila ba zai zo ba.

Me ya sa rauni ke yawan fitowa?

Domin yana zaunar da mutum a gida. Mai jifa da jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke, ana yi masa tiyatar da aka fara yi wa wani mai jifa, Tommy John, a 1974, kuma jinyar kan ci shekara ko fiye. Wanda aka yi ta kukan rashinsa sai ga shi kwance a falo, hannu a naɗe, rai a ɓace, ko kofin shayi aka miƙo masa sai ya yi faɗa.

An taɓa yin irinsa da gaske?

Wanda aka fi sani shi ne na Joe DiMaggio, gwarzon kulob ɗin Yankees na New York, da tauraruwar fim Marilyn Monroe. Sun yi aure a Janairun 1954, wata tara suka rabu. Shi ya riga ya bar wasa tun 1951, saboda haka ba tafiye-tafiye suka raba su ba, kishi ne da shahararta. Bayan rasuwarta a 1962, ya shekara 20 yana aika furanni kabarinta.

To dole ne a littafi su shirya?

Dole. Ƙa'idar irin wannan adabi ce a ƙare da farin ciki, kuma masu karatu ba sa yafe wa wanda ya karya ta. Abin dubawa shi ne yadda aka kai can. Marubuci mai raki zai sa jarumin ya ci kofin gasar a Oktoba, ya durƙusa da zobe a tsakiyar fili, shi ke nan wai an warke, alhali Fabrairu na zuwa zai sake ɗaukar jaka. Na fi yarda da wanda ya sa shi ƙin kwantiragi mai tsoka a wani gari don ita ta ci gaba da aikinta.