Firilansa: ɗan jinga ne, dillalinsa ne ya koma cikin waya

Kwanakin baya aka je binciken aure a Agege. Kawun yarinya ya dubi wanda ya rako maneman ya ce, "To, shi yaron mece ce sana'arsa?" Aka ce, "Kawu, firilansa ne." Tsoho ya gyara zaman hula. "A wane kamfani?" Aka ce ai ba kamfani. "Shagonsa fa, a ina yake?" Aka ce babu shago, a ɗaki yake aikinsa da kwamfuta, wani lokaci ma da dala ake biyansa. Nan take annurin fuskar kawu ya ɗauke, don a Legas in aka ce saurayi yana kwana gaban kwamfuta dala tana shigo masa, ba inda zuciya take zuwa sai wajen 'yan yahu. An sha fama kafin ya sauko. Da tun farko an ce masa ɗan jinga ne, da ba a kai ga haka ba.

Kalmar aro ce daga Turanci, kuma daga fagen fama ta fito. Kalmomi biyu aka haɗa: ɗaya tana nufin abin da ba a ɗaure yake ba, wato 'yanci, ɗayar kuma mashi. A rubuce-rubucen Ingilishi na farkon ƙarni na 19, da wannan suna ake kiran mayaƙin da bai yi wa kowane sarki mubaya'a ba, wanda mashinsa na duk wanda ya biya ne. Sojan haya dai. Daga baya 'yan jarida da masu ɗaukar hoto da ba su da kujera a kowane gidan jarida suka ari sunan, har ya bazu. A yau firilansa shi ne mai sayar da gwanintarsa aiki-aiki ga mutane daban-daban: a yi ciniki, ya yi, a biya shi, kowa ya kama gabansa. Tsarin kansa kuma shi ake ce wa firilans. Ba albashi, ba oga guda, ba takardar sallama tunda dama ba takardar ɗauka.

Mu kuwa mun daɗe da abin. Maginin da aka yi jinga da shi ya ɗora katanga a kan kuɗi kaza, ko ya gama a kwana uku ko a mako biyu, firilansa ne. Haka mai fentin da ke zana zaki da dawisu a bayan manyan motocin da ke sauke albasa a kasuwar Mile 12. Ya bambanta da ɗan ƙwadago, wanda yininsa ake biya. Ya kuma bambanta da mai aiki daga gida wanda kamfani guda ke ba albashi duk wata. Wannan ma'aikaci ne, ofishinsa ne kawai ya koma ɗaki. Matasa suna yawan cakuɗa su, har mai sayar da turaren wuta a Instagram ka ji ta ce ita firilansa ce. A'a, Hajiya, ke 'yar kasuwa ce, kuma ba abin kunya ba ne. Firilansa ita ce wadda ta ɗaukar miki hoton kwalaben.

To me ya sa tsohon abu ya nemi sabon suna? Dillali ne ya canza. A da, ɗan jinga ba ya samun aiki sai inda ƙafarsa ta kai ko inda wani ya ambace shi. Yanzu akwai dandalin intanet da aikinsu ke nan, haɗa mai nema da mai iyawa. Fiverr an kafa shi a Isra'ila a 2010, sunansa ma daga dala 5 ya fito, farashin da aka fara sa wa kowane aiki a cikinsa. Upwork ya samu sunansa a 2015, bayan haɗewar Elance da oDesk. Yaron da ke ɗaki guda a Idi-Araba zai iya zana wa mai gidan burodi a Kanada tambarin shago ba su taɓa jin muryar juna ba. Kuma kamar kowane dillali, akwai la'ada: Fiverr yana cire kashi 20 cikin 100, wato aikin dala 100 dala 80 ce taka, kafin a zo maganar kuɗin cirewa da na canji.

Abu biyu wannan dillali yake yi da ya kamata a yaba masa. Yana karɓar kuɗin wanda ya ba da aikin tun farko ya riƙe amana, ba zai saki ba sai an miƙa aiki, don haka ba a cika cinye wa mutum guminsa ba. Sannan yana ajiye shaida. Duk wanda ka yi wa aiki zai ba ka taurari daga 1 zuwa 5 ya rubuta abin da ya gani, kowa kuma yana karantawa. Sai dai nan ne sabon shiga yake shan wuya: ba a ba ka aiki sai kana da shaida, ba ka samun shaida sai an ba ka aiki. Shi ya sa za ka ga gwani yana karya farashi watanni yana tara taurari. Wani abin kuma, dillalin Mile 12 ya san ka, ya san mahaifinka, in rigima ta taso akwai shugabannin kasuwa da za a zauna gabansu. Wannan ba shi da fuska. In ya rufe maka asusu, shaidar shekara uku ta tafi, sai dai ka yi ta aika saƙo kana jiran amsa. Waɗanda suka gina kasuwarsu a kan Twitter sun ɗanɗana irin wannan ta wata hanyar, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da shi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Kayan aro ba ya rufe katara.

Karɓar kuɗin ma wani yaƙi ne. Da PayPal ya shigo Najeriya a 2014, damar biya kawai ya bai wa mutane, ban da karɓa, sai jama'a suka koma Payoneer da asusun dala na banki da wasu manhajoji na cikin gida.

Amma kada labarin dala ya ruɗe mu. A abin da nake gani a unguwanninmu, yawancin firilansa Bahaushe a Legas kwastomansa ba a Amurka yake ba, a layinsu yake. Mai kilishi yana son takardar da zai manna a leda, da suna da lambar waya, a kai Shomolu a buga. Mai shadda da atamfa a Balogun yana son gajeren bidiyo na sa wa a sitatus ɗin WhatsApp. Tela yana son wanda zai riƙe masa shafin Instagram gabanin sallah. Waɗannan ƙananan sana'o'i a da ba su da kuɗin zuwa kamfanin talla, ba su ma taɓa tunaninsa ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, lokacin canjin fasalin naira, shi ya ƙarasa aikin: har mai shayi ya rubuta lambar OPay ko Moniepoint ya liƙa a jikin tebur. Tun daga nan biyan yaro naira dubu biyar na zanen fasta ya zama abin minti ɗaya, tiransifa ce kawai, alat ya shigo.

Kayan aikin ma sun yi araha. Wayar hannu ta biyu daga Computer Village a Ikeja, da manhajar zane ta Canva, da ta haɗa bidiyo ta CapCut, sun isa mutum ya fara. Sai dai ƙofar da ta buɗe maka ta buɗe wa kowa, har da ɗan Alhajin da kake yi wa aiki, wanda ran nan zai ce, "Baba, bar shi, ni ma na iya." Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 kuwa, ƙirƙirarriyar basira ta shiga cin abincin masu rubutu da masu zane. Masu fassara sun riga kowa jin zafin. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, yanzu kuma kamfani sai ya turo maka fassarar na'ura ya ce gyara kawai za ka yi, a biya ka ƙasa da kuɗin fassara, alhali gyaran wani lokaci ya fi sabon aiki wahala.

Duk da haka a nan nake ganin rabonmu. Manyan kamfanonin talla da na sadarwa da bankuna a Legas suke da hedikwata, kasuwarsu kuma ta kai Kano da Sakkwato da Maiduguri. Dole su nemi wanda zai juya musu talla zuwa Hausar da ba za a yi mata dariya a rediyo ba, wanda zai ɗora murya, wanda zai ce musu wannan hoton ba zai karɓu a Arewa ba. Na'ura tana iya jera kalmomi, amma ba ta san wa ake ce wa "ranka ya daɗe" wa ake ce wa "abokina" ba. Bahaushen Legas da ya tashi da Hausa a gida, Yarbanci a layi, Turanci a makaranta, yana riƙe da jarin da bai cika sanin darajarsa ba.

Sai mu dawo kan waccan kalma ta farko, 'yanci. Gaskiya ne ba mai ce maka ka makara, ba kuma tsayuwa a cunkoson gadar Third Mainland da asuba. Amma duk nauyin da kamfani yake ɗaukar wa ma'aikaci, kanka ya dawo. Man janareta naka ne, kuma kowa ya san yadda ya koma tun cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Wuta taka ce. A Afrilun 2024 aka kai kuɗin 'yan rukunin Band A, wato waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit. Data taka ce, ita ma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati kafin Yunin 2023 ta haura 1,500 a farkon 2024. Wanda ake biya da dala ya ji daɗi. Wanda ake biya da naira amma yake biyan kuɗin manhajar Adobe da dala, shi ya san abin da ya gani.

Ni kaina na taɓa yi wa wani kamfanin talla fassara da ɗora murya, ba rubutacciyar yarjejeniya, sai "kada ka damu, Malam". Tallar ta yi ta fita a rediyo ina ji da kunnena, kuɗina kuwa sai bayan wata huɗu da kiran waya ba adadi. Daga nan na koma wa abin da malamanmu na zaure suka sani tun tuni, kafin alƙalami. Rabi kafin a fara, rabi kafin a miƙa, a kuma rubuta ko a WhatsApp ne: gyara sau nawa, ranar miƙawa, da inda za a yi amfani da aikin, don muryar da aka saya ta rediyo ta wata uku ba ita ce ta talabijin ta shekara ba. Shi ma firilansa in ya karɓa ya ɗaure kansa, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Haraji ma bai manta da shi ba. A sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara ba a taɓa su, abin da ya haura kuwa akwai na hukuma a ciki, kuma tunda ba kamfanin da zai cire daga albashi, shi zai kai kansa. Fansho haka: hukumar PenCom ta buɗe tsarin ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu tun 2019, amma sai ka je da ƙafarka.

Kawun nan na Agege, da aka gama yi masa duk wannan bayani, bai tambayi dala nawa yaron yake samu ba. Cewa ya yi, "In ya kwanta ciwo wata guda, wa zai ciyar min da 'ya?" Aka yi shiru. Can wani daga cikin maneman ya ce, "Kawu, yana adashe." Tsoho ya ɗago kai ya ce, "Hannu nawa yake zubi?"