Caca a gasar NFL ta ƙwallon Amurka

Caca a gasar NFL ita ce zuba kuɗi a kan sakamakon wasannin babbar gasar ƙwallon Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga wanda 'yan wasa ke sa hular kwano da sulken kafaɗa. Ƙungiyoyi 32 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 17 daga Satumba zuwa farkon Janairu, sannan a rufe kaka da wasan ƙarshe na Super Bowl a watan Fabrairu. Tun da yawanci sau ɗaya ƙungiya ke fita fili a mako, sauran kwanakin a bakin masu sharhin rediyo da talabijin da intanet suke ƙarewa, kuma kaso mai yawa na hirar a kan lissafin 'yan caca ake gina ta.

Ratar maki

Ginshiƙin cacar NFL shi ne ratar maki. Gidan caca yana duba ƙungiyoyi biyu, ya ɗora wa mai ƙarfin cikinsu bashin maki tun kafin a take wasa. Idan aka ce rata 7 ce, wanda ya bi bayan mai ƙarfin ba zai ci ba sai ta yi nasara da tazarar da ta wuce maki 7. Wanda ya bi mai raunin kuwa ya ci, ko da an doke ta, muddin tazarar ba ta kai 7 ba. Idan ta tsaya daidai a kan 7, kowa kuɗinsa ake mayar masa, shi ya sa gidajen caca ke yawan ƙara rabin maki, su ce 6.5 ko 7.5, don kada a tashi babu ci. Ana danganta yaɗuwar wannan tsari da Charles McNeil, tsohon malamin lissafi da ya koma karɓar caca a Chicago a shekarun 1940.

Lamba 3 da lamba 7 sun fi kowace lamba daraja a wannan harka, saboda yadda ake cin maki. Buga ƙwallo ta tsakanin sanduna maki 3 ne, shiga da ita gidan abokan karawa maki 6 ne, bugun da ke biyo baya ya ƙara 1. Tazarar maki 3 ita ce wadda wasanni suka fi ƙarewa da ita, don haka matsar da rata daga 3 zuwa 3.5 babban labari ne a wurin masu abin, ko da baƙo zai ga kamar ba komai ba ne.

Ratar da ta fi suna a tarihi ita ce ta Super Bowl na uku, a Janairun 1969, lokacin da aka ba Baltimore Colts fifikon maki 18 a kan New York Jets. Joe Namath, mai jefa ƙwallon Jets, ya bugi ƙirji a bainar jama'a cewa su za su ci, suka kuma ci 16 da 7.

Ban da rata, ana yin caca a kan jimillar makin ƙungiyoyin biyu, da kuma a kan abin da ɗan wasa ɗaya zai yi. Wannan na ƙarshen ya samu karɓuwa ne a 1986, da gidan caca na Caesars Palace ya yi tayin ninki 20 ga duk wanda ya yarda cewa William Perry, ƙaton ɗan bayan Chicago Bears, zai ci maki a Super Bowl. Jama'a suka yi ca a kai, Perry ya ci, gidan ya tafka asara, amma ya gano kasuwa sabuwa.

La'adar gida da masu hasashe

A bisa al'ada mutum yana sa dala 110 don ya ci 100. Idan mutum biyu suka ɗauki ɓangarori biyu na wasa ɗaya, gida ya karɓi 220, ya biya wanda ya ci 210, ya soke 10 a aljihu. Ma'ana, sai mutum ya dace a kashi 52.4 cikin ɗari na cacarsa kafin ya mayar da uwar kuɗinsa kawai. Wanda ya ɗore yana dacewa a kashi 55 ana kallonsa a matsayin gwani. Haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya, wanda sai an dace a dukkansu ake ci, ya fi tsada nesa ba kusa ba: tikitin wasa uku yakan biya kimanin ninki 6, alhali lissafin gaskiya 7 ne. Wannan ne dalilin da ya sa kamfanoni suka fi tallata shi.

Hasashen mako kuwa ya zama sana'a mai zaman kanta. Wanda ya shigar da shi ɗakunan jama'a shi ne Jimmy Snyder, wanda ake yi wa laƙabi da Bagirke, a shirin share fage na tashar CBS daga 1976. Da yake hukumar gasar ba ta son a ambaci caca, sai ya riƙa faɗin makin da yake ganin za a tashi, mai hankali ya cire ratar da kansa. An sallame shi a Janairun 1988 bayan wasu kalamai na wariyar launin fata da ya yi a kan 'yan wasa baƙaƙe.

Akwai kuma masu sayar da hasashe, kuma a cikinsu ne 'yan damfara ke fakewa. Tsohuwar dabararsu ita ce a aika wa mutum 1,000 saƙo, rabi a ce musu wannan ƙungiya, rabi waccan. Mako na gaba a sake raba 500 ɗin da suka dace, haka har sau uku, sai a samu mutum 125 da suka ga an faɗa musu daidai sau uku a jere, su ne kuma za a ce su biya. Hatta shirye-shiryen bayan fage irin su Hard Knocks, wanda HBO da NFL Films suka fara a 2001 da ƙungiyar Baltimore Ravens, masu hasashe kan tsinci abin magana a ciki, duk da cewa nishaɗi aka yi su dominsa.

Hukumar gasar da 'yan caca

Shekara da shekaru NFL tana nuna ƙyamar caca a fili, kuma tana da hujja. Gab da wasan ƙarshe na 1946 aka gano cewa wani ɗan caca, Alvin Paris, ya yi wa 'yan wasan New York Giants biyu, Merle Hapes da Frank Filchock, tayin kuɗi don su sayar da wasa. An dakatar da su saboda ɓoye maganar. Daga 1947 kwamishinan gasar, Bert Bell, ya wajabta wa ƙungiyoyi su riƙa bayyana 'yan wasan da suka ji rauni, don kada labarin ya zama hajar sayarwa a ɓoye. Abin mamaki, wannan rahoton rauni shi ne yau takardar da 'yan caca suka fi jira a kowane mako.

A 1963 kwamishinan gasar na lokacin, Pete Rozelle, ya dakatar da taurari biyu saboda yin caca a kan wasannin gasar, Paul Hornung na Green Bay Packers da Alex Karras na Detroit Lions, suka rasa kaka guda cur. A 1992 aka kafa dokar tarayya da ta hana jihohi halatta cacar wasanni, jihar Nevada, inda birnin Las Vegas yake, ita kaɗai aka bar wa cikakken izini, sai Oregon da Delaware da Montana da aka bar wa wasu nau'o'i ƙalilan. A 2003 hukumar ta ƙi yarda a sa ko da tallar yawon buɗe ido ta birnin Las Vegas a lokacin Super Bowl.

Jihar New Jersey ce ta karya wannan shinge. Ta yi dokar halatta cacar a 2012, NFL da sauran manyan gasanni suka maka ta a kotu, shari'a ta yi ta jan ƙafa har ranar 14 ga Mayu, 2018, da Kotun Ƙoli ta soke dokar 1992 bisa hujjar cewa gwamnatin tarayya ba ta da hurumin yi wa majalisun jihohi umarni irin wannan. Yanzu jihohi fiye da 35 sun halatta ta, kuma mafi yawan cinikin ta wayar salula ake yi.

Bayan 2018

Hukumar ba ta ɓata lokaci ba wajen sauya sheƙa. Ƙungiyar Raiders ta koma Las Vegas a 2020. A Afrilun 2021 NFL ta ƙulla yarjejeniyar kasuwanci da kamfanonin caca na Caesars da DraftKings da FanDuel, ta kuma ba tashoshi damar sa tallar caca har shida a wasa ɗaya. Ranar 11 ga Fabrairu, 2024, aka buga Super Bowl a Las Vegas ɗin da aka ƙi tallarsa a da, Kansas City Chiefs ta doke San Francisco 49ers da 25 da 22 a ƙarin lokaci, gidajen cacar Nevada kaɗai suka karɓi fiye da dala miliyan 180 a kan wasan.

'Yan wasa kuwa takunkuminsu bai sassauta ba. Calvin Ridley na Atlanta Falcons ya rasa kakar 2022 baki ɗaya saboda ya yi caca a kan wasannin gasar, shi da kansa ya ce dala 1,500 ya sa. A 2023 an hukunta wasu da dama, har da waɗanda a kan wasannin da ba na NFL ba suka sa kuɗi, laifinsu shi ne sun yi a cikin harabar ƙungiya. Ƙa'idar da aka sabunta a wannan shekarar ta tanadi dakatarwar aƙalla shekara ɗaya ga wanda ya yi caca a kan wasan NFL, shekara biyu idan wasan ƙungiyarsa ne, da kora ta dindindin ga wanda ya yi yunƙurin sayar da wasa.