Kumburin tumbi da 'ya'yan itatuwa: tambayoyin da na gaji da amsawa

'Ya'yan itatuwa ne suka jawo min ciwon?

A'a. Galibi ƙwayar cutar H. pylori ce, ko yawan haɗiyar magungunan kashe zafi irin su ibuprofen, diclofenac da aspirin, ko giya. A bar ayaba ta huta.

Madara fa? An ce tana kwantar da shi.

Na ɗan lokaci ne. Daga baya sai ta sa tumbi ya ƙara zubo da asid.

To, lemu da abarba in rabu da su kwata-kwata?

Nan kam amsar ba ɗaya ba ce. Asid ɗin da tumbinka ke fitarwa ya fi ruwan lemu ƙarfi nesa ba kusa ba, don haka ba lemu ne ya lalata maka bangon tumbi ba. Sai dai wurin da ya riga ya kumbura ba ya son tsami, kamar ka ɗiga lemun tsami a kan sabon yanka. Wani zai sha lemu biyu ya kwana lafiya, wani ɓare ɗaya zai hana shi barci. In ciwon ya motsa, ka dakata, ka koma kan ayaba, gwanda da kankana. In ya lafa, ka gwada rabin lemu bayan cin abinci, ba da sassafe ciki babu komai ba. Kuma iri ɗaya za ka gwada a rana, in ba haka ba yaya za ka gane mai laifin? Wanda ƙwannafi ke damu wataƙila sai ya haƙura da masu tsami har ma da tumatir. Kada dai tsoro ya sa ka daina cin komai, ka rame a banza.

Watanni ke nan ina shan omeprazole, me ya sa ba na warkewa?

An yi maka gwajin H. pylori? Omeprazole rage asid yake yi, ba ya kashe ƙwayar cutar shi kaɗai. Sai likita ya haɗa maka da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, yawanci na kwana 14, kuma ka shanye su duka. Ka sanar da shi kana shan omeprazole, don akan dakatar da shi mako 2 kafin gwajin H. pylori na bayan gida ko na numfashi.

Bayan gidana ya yi baƙi ƙirin, wane abinci zan sauya?

Babu. Wannan, ko aman jini, asibiti ne yau ɗin nan.