Tazara tsakanin soja da farar hula a Amurka

Tazara tsakanin soja da farar hula a Amurka ita ce nisan da ya shiga tsakanin masu kaki da sauran jama'ar ƙasar tun da aka daina tilasta wa matasa aikin soja a 1973. Ƙyamar yaƙin Biyetnam na cikin abin da ya kai gwamnatin Richard Nixon ga wannan mataki. Daga 1 ga Yulin shekarar, sai wanda ya ga dama yake shiga soja.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Amurkawa kimanin miliyan 16 ne suka yi aikin soja, da wuya a sami unguwar da ba ta ba da ɗanta ba. A yau sojojin da ke bakin aiki wajen miliyan 1.3 ne, ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'a ba.

Abin da ya fi damun masana shi ne yadda aikin ya koma gado. Yawancin kuratan sojan ƙasa suna da ɗan'uwa da ya taɓa sa kaki, kuma jihohin kudu ne suka fi bayar da su. Manyan barikoki ma can suka taru. A garin Fayetteville na jihar North Carolina, kusa da barikin Fort Bragg, a lokacin yaƙe-yaƙen Iraƙi da Afganistan ba abin mamaki ba ne yaro ya tashi yana raka mahaifinsa filin jirgi, yau Iraƙi gobe Afganistan. Tsaransa a wani birni kuwa sai ya gama jami'a bai taɓa zama da soja ba. Wannan ne sakataren tsaro Robert Gates ya koka a kai a Jami'ar Duke a 2010, inda ya ce yaƙi ya zama labarin nesa ga mafi yawan Amurkawa.

Haɗarin ya fi fitowa a Majalisar Dokoki. A shekarun 1970, wajen uku cikin huɗu na 'yan majalisa tsofaffin sojoji ne. Yanzu ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Wanda ɗansa ba zai je fagen daga ba, aika na wani ba ya yi masa nauyi, shi ya sa aka shekara 20 a Afganistan ba tare da irin hayaniyar zamanin Biyetnam ba.

Har yanzu doka ta wajabta yi wa samari 'yan shekara 18 zuwa 25 rajista saboda ko-ta-kwana, ko da za a dawo da aikin soja na tilas. Amma da ƙudurin ɗan majalisa Charles Rangel na maido da aikin soja na tilas ya zo gaban Majalisar Wakilai a 2004, mutum 402 suka ƙi, 2 kacal suka amince.