Isaac Parker, "alƙali mai rataya": abin ba haka yake ba

Masu kallon finafinan kaboyi wataƙila kun taɓa jin sunan Isaac Parker, wanda Amurkawa suka laƙaba wa alƙali mai rataya, har mutane suka ɗauka duk wanda ya shiga kotunsa to sai igiya. Ai ba haka bane.

Mutumin lauya ne, yayi ɗan majalisar wakilai daga jihar Missouri, sai a 1875 shugaban Amurka Grant ya tura shi Fort Smith a jihar Arkansas, kotun da ke kula da yankin Indiyawa 'yan asalin ƙasar inda 'yan fashi suka maida maɓoya. Shekara 21 yayi akan kujerar har ya mutu a 1896, shari'a sama da 13,000 ta bi ta hannunsa, mutum 160 ya yanke wa hukuncin kisa, 79 aka rataye. Ku lissafa da kanku mana.

Kuma fa ba son ransa bane, dokar tarayya ta wancan lokacin ce tace wanda aka samu da kisan kai ko fyaɗe kisa ne hukuncinsa, alƙali bashi da ta cewa. Abinda ya ja masa sunan shine ranar 3 ga Satumba 1875 da aka rataye mutum shida lokaci ɗaya gaban dubban jama'a, jaridu kuwa suka samu nama.

Inda ni nake ganin akwai abin cewa, sai 1889 aka fara ɗaukaka ƙara daga kotunsa, kuma da aka fara ɗin kotun ƙoli ta soke hukuncinsa da dama.